Mai Neman Ɓatacciyar Tunkiya Ba Ya Ɗaga Sanda

Duk baƙon da ya kwana a garin Zonkwa daren Asabar, to, ba agogo ne zai tashe shi da safiyar Lahadi ba, ƙararrawar majami'u ce da amon ganguna da waƙoƙin matan zumunta. Kafin hantsi ya dubi ludayi hanyoyi sun cika da jama'a cikin ado, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu, waɗansu sun nufi majami'ar ECWA, waɗansu ta Katolika, waɗansu kuwa ta Angilikan ko ta Baptis. In baƙon nan ya tsaya a bakin titi, sai ya ɗauka babu wanda ya rage a gida. Amma in ya ratse ya bi lungu, zai tarar da wata jama'a dabam: samari a gindin mangwaro ko a rumfar mai burkutu, 'yan acaɓa suna jiran a tashi daga sujada su sami fasinja, yarinya da goyo tana leƙen masu wucewa ta kan katanga, da tsoho a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Da yawansu sunayensu na cikin Littafi ne, su Bulus da Yohanna da Rifkatu, an kuwa yi wa waɗansunsu baftisma, amma rabonsu da taka ƙofar majami'a an daɗe.

Waɗannan mutane su ne abin dubawa a wannan fili yau, tare da tambayar da ke gaban shugabannin ikkilisiya a Zonkwa da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, wato da wace irin fuska ya kamata a tunkari mutumin da ya yi nisa da addini? Maganar ba ta Kirista kaɗai ba ce, domin babu limami ko malami ko uba a ƙasar nan wanda ba shi da wani nasa da ya bauɗe. Sai dai tarihin wannan yanki yana da amsa a kanta, amsar da ya kamata a tuna da ita kafin ta shige.

Zonkwa ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, nan ne kuma fadar Agwam Bajju, sarkin mutanen da Hausawa suka daɗe suna kira Kaje. Garin ya bunƙasa ne a gefen hanyar jirgin ƙasa wadda ta haɗa Kafanchan da Kaduna a cikin shekarun 1920. A lokacin da ake shimfiɗa dogon nan, kusan dukan mutanen karkarar, da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da sauransu, al'adar kakanninsu suke bi, dodo ne ke riƙe da doka da horon jama'a. Wato ke nan shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, a idon mai bishara, kowa a ƙasar nan manisanci ne. To, ta yaya aka yi har yau ta zama ƙasar da majami'a ke cika tun da sassafe?

Aikin bai fara da nasara ba. A ƙarshen shekarar 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta kewayo biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent kuma a Bida, a cikin 1894. Bingham kaɗai ya tsira, shi ne kuwa ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da S.I.M., wadda ba ta sami wurin zama ba sai a 1902 a Patigi. Da yake Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin garuruwan Musulmi, sai masu bisharar suka karkata zuwa ƙasashen duwatsu. Suka buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya kuma a Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, inda aka kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki wadda har yanzu tana horar da fastoci. 'Yan Katolika su ma suka shigo da makarantunsu, sa'an nan sistocin Saint Louis, waɗanda suka iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, suka kafa asibiti a Zonkwa, wanda ya zama wurin horon ungozoma da masu jinya.

Abin lura a nan shi ne abin da mutanen suka fara gani daga baƙin nan. Magani suka fara gani, na gyambo da zazzaɓi da ciwon ido, da mai karɓar haihuwa da tsakar dare, da allon koyon karatu. Likita Andrew Stirrett, wanda ya zo a 1902 ya kuma rasu a Jos a 1948, jama'a ba su kira shi Bature mai wa'azi ba ko da yake ya yi wa'azi har tsufansa, Bature Mai Magani suka raɗa masa. Mutanen Kano sun san asibitin ido da mishan ta buɗe a 1943, sun kuma san Yadakunya, kamar yadda Katsinawa suka san Babbar Ruga, Sakkwatawa suka san Amanawa, inda aka riƙa jinyar kutare a zamanin da dangi ma kan guje su. Bugu da ƙari masu bisharar sun zauna sun koyi harshe. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya sa har gobe Hausa ce harshen sujada a yawancin majami'un kudancin Kaduna, daga baya kuma aka fassara Sabon Alkawari cikin harshen Bajju. Wanda ya ɓata shekaru yana koyon yadda ake gaisuwa da yadda ake ta'aziyya a bakin mutane, lalle ya nuna musu cewa suna da daraja a wurinsa tun kafin ya buɗe baki da wa'azi.

Akwai wani dalili kuma da ya sa wannan hali ya ratsa zukata. Mutanen yankin sun daɗe suna shan raini. An kai musu hare-haren bayi a zamanin da, an ɗora wa da yawansu hakimai daga waje a zamanin En'e, an kuma riƙa kiransu arna, kalmar da duk wanda aka jefa da ita ya san ɗacinta. Saboda haka sa'ad da wani ya zo ya zauna a tabarmarsu, ya sha ruwa a ƙwaryarsu, ya koya wa 'ya'yansu karatu, sai suka saurare shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a nan kuwa an ga gaskiyar maganar.

'Ya'yan da aka samu ta wannan hanya su ne suka ɗauki aikin. Malam Gwamna Awan, wanda ya tashi a hannun mishan, ya zama Sarkin Kagoro a 1945, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 2008. Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936, ya fito ne daga gidan da ke riƙe da al'adar gargajiya gam, har mahaifinsa ya yi fushi ƙwarai da ya ji yaron ya bi hanyar mishan. Yaron nan ne ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya a 1973 a birnin Nairobi, kafin ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975. Da malamin makarantar ƙauyen ya dube shi ya ce ɗan masu tsafi ne, ya kore shi, da ikkilisiyar Afirka ta yi babbar hasara ba tare da ta sani ba. Haka kuma a farkon shekarun 1960 aka fara shirin nan na Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank, malami a makarantar Kagoro, ya yi jagorancinsa, inda talakawan masu bi suka riƙa taruwa ƙungiya-ƙungiya suna addu'a a gidaje, suna fita biyu-biyu suna bin maƙwabtansu gida gida.

Amma fa gaskiya ba ta cika ba in ba a faɗi ɗaya gefen ba. Masu bishara na farko sun yi kurakurai, mafi yawansu kuwa a inda suka bar tausayi suka kama doka zalla. Waɗansu sun haramta kiɗa da rawa da bukukuwan gargajiya baki ɗaya, ba su tsaya sun rarrabe abin da ke tsafi da abin da ke zumunci ba. An ce wa mai mata biyu ko uku ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami saura ya bar ɗaya, ba a kuwa cika tambayar inda matan da aka sallama za su nufa da 'ya'yansu ba. Dattawa da yawa sun mutu a wajen majami'a saboda sun ƙi su wulakanta matan da suka yi shekaru suna wahala tare. Darasin a fili yake: inda aka shiga da jinƙai ƙofa ta buɗe, inda aka shiga da sanda kuwa an bar tabon da jikoki ke tunawa.

To, su wane ne manisanta a yau? Tsofaffin da ke riƙe da al'adar kakanni sun ragu ƙwarai. Yawancin waɗanda suka yi nisa yanzu 'ya'yan cikin gida ne, kowa kuwa da abin da ya kore shi.

Akwai waɗanda baƙin ciki ya kora. Wannan yanki ya sha wuya: rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, na Zangon Kataf a 1992, da tarzomar bayan zaɓen watan Afrilu 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku. A Zonkwa kanta an kashe Musulmi masu yawa a wancan lokaci, waɗanda suka tsira da yawansu suka ƙare a sansanin alhazai na Kaduna, a garuruwan da ke arewa kuma aka ƙone majami'u aka kashe Kirista. Bayan haka sai hare-haren dare a ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa, har limaman coci ba su tsira ba. Yaron da aka haifa a 1992 ya girma yana halartar jana'izar mutane da yawa a rami ɗaya. In ya ce ya yi addu'a har ya gaji bai ga amsa ba, ba gardamar ilmi yake yi ba, ciwo ne ke magana a bakinsa. Akwai kuma wanda hannunsa ya taɓa jini a ranar tashin hankali, yana ɗauke da abin a zuciyarsa shekara da shekaru, ba ya iya zama a inda ake maganar gafara, ba shi kuma da wanda zai faɗa wa.

Akwai waɗanda talauci ya kora. Saurayi ya gama makaranta babu aiki, ya koma noman citta, sai ga cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta cinye gonaki a duk yankin, bashi ya hau kansa. In ya je sujada ya ji ana sanarwar baiko iri-iri, ana kiran sunayen waɗanda suka ba da kuɗin gini ana tafa musu, shi kuwa aljihunsa babu ko sisi, sai kunya ta hana shi komawa. A rumfar burkutu babu mai tambayarsa abin da ya kawo. Daga nan sai ƙwaya. Gwamnatin Tarayya ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, amma hanin bai cike ramin da ke zuciyar mai sha ba.

Akwai kuma waɗanda ikkilisiya da kanta ta tura waje. Horo abu ne da kowace jama'a ke bukata, babu mai musun haka. Amma sau da yawa yarinyar da ta yi ciki ba aure ita ce ake kira a gaban jama'a, a mai da ita bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji, alhali kuwa wanda ya yi mata cikin yana zaune lafiya, wani lokaci ma don mahaifinsa mai faɗa a ji ne. Watanni su wuce babu dattijo ko uwar zumunta da ta taka gidansu. Ranar da ta daina zuwa sai a ce ai dama 'yar duniya ce. Mutanen da kakanninsu suka sha zafin kalmar arna bai kamata su ƙirƙiro wata kalma mai irin wannan dafi su jefi 'ya'yansu da ita ba.

Littafin da masu bi ke ɗauka kowace Lahadi bai bar su cikin duhu a kan wannan ba. A cikin Linjila ta hannun Luka, sura ta 15, an ba da misalin makiyayi mai tumaki ɗari wanda ɗaya ta ɓace masa, ya bar sauran ya shiga daji nemanta, da ya same ta kuwa a kafaɗa ya ɗauko ta. A surar nan kuma aka ba da labarin ɗan da ya lalatar da gādonsa a wata ƙasa, wanda mahaifinsa ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa ya tarye shi. An kawo misalan nan ne a matsayin amsa ga malaman addini na lokacin, waɗanda suka yi gunaguni don Yesu Almasihu yana cin abinci tare da masu karɓar haraji da waɗanda aka sani da zunubi. Duk Bafulatanin da ke kiwo a dajin Kachia ya san abin da misalin ke nufi, domin dabbar da ta ɓace a tsorace take, in ka tunkare ta da ihu da sanda sai ta ƙara nausawa cikin daji.

Wani zai ce wannan sassauci ne, in aka bi haka za a zubar da dokar addini. Amsa ita ce tausayi bai hana faɗin gaskiya ba, sai dai yana zaɓar lokaci da murya. Likita ba ya cewa gyambo lafiya ne, amma ba ya wanke shi da barkono. Wani kuma, musamman daga cikin Musulmi, zai ce taimakon masu bishara tarko ne, tsutsa ce a bakin ƙugiya. Wannan zargi yana da ma'auni mai sauƙi: in aka taimaki mutum, ya ce ya gode amma ba zai bi ba, aka ci gaba da taimakonsa da sakin fuska kamar da, to, alheri ne. In kuwa aka janye hannu, ciniki ne aka so yi. Asibitocin mishan da suka yi suna a ƙasar nan sun yi shi ne don ba a tambayar addinin majiyyaci kafin a ba shi gado.

A nan ya wajaba a rarrabe abu biyu. Maƙwabci Musulmi ba ya cikin lissafin waɗanda suka yi nisa da addini, yana da nasa, yana kuma riƙe da shi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, amma baki shi ke yanka wuya. Wutar 1987 ta tashi ne daga saɓani a kan kalaman mai wa'azi a wani taron ɗalibai a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki kuwa ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Mai wa'azi, na coci ne ko na masallaci, wanda ba ya iya bayyana kyawun nasa sai ya aibata na wani, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, amma daga 1995 suka haɗa kai suna aikin sulhu, ba tare da ɗayansu ya bar addininsa ba. Haka kuma a watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Takarda ba ta kashe wuta ita kaɗai, amma ta nuna cewa zama a saurari juna abu ne mai yiwuwa.

Me ya rage a yi? ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta tun 1954, tana da ƙungiyar aika masu bishara da ta kai 'ya'yan wannan yanki ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina har da ƙasashen waje, inda sukan zauna su yi noma tare da mutane shekara da shekaru kafin su ga amfanin aikinsu. Irin haƙurin nan da ake kai wa nesa, saurayin da ke bayan katangar majami'a shi ma yana da hakki a cikinsa. Ya kamata dattawan ikkilisiya su san sunan duk wanda ya daina zuwa, su je gidansa ranar Talata ko Alhamis, ba da takardar gargaɗi ba, su gaishe shi su tambayi gonarsa. In an yi masa rasuwa a riga kowa zuwa, in damina ta kama shi babu hannu a kira masa gayya. Duk horon da aka ɗora wa mutum a yanka masa ranar ƙarewa, a yi wa namiji da mace hukunci ɗaya, ranar da aka karɓe shi kuma a yi shi a gaban jama'ar da ta ga faɗuwarsa. Wani kashi na kuɗin da ake zubawa a dogayen gine-gine da manyan lasifikoki a juya shi zuwa koyar da sana'a da jinyar waɗanda ƙwaya ta kama. Tsohon da ya rage a kan al'adar kakanni kuwa, a je a durƙusa a ce masa, "Baba, ina gajiya? Mun zo ne ka ba mu labarin mutanen da," domin a bakinsa tarihin kabila yake, kuma wanda aka girmama shi ne kan saurara.

Ba kowa ne zai dawo ba, wannan kuwa ba a hannun fasto ko fada yake ba, domin shiriya ta Allah ce. Abin da ke wuyan shugabanni shi ne kada ya zama su ne suka rufe ƙofar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji masu iya magana. Allah ya ba shugabannin addini na kowane ɓangare haƙuri da hikima, ya shiryi 'ya'yan da suka bauɗe, ya kuma zaunar da Zonkwa da Jihar Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.